Matuƙin jirgin Amurka da ya mutu a Sheffield a 1944, me ya sa har yau suke tunawa da shi?

ɗalibi_a_ingila:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu sanin tarihin yaƙin duniya na biyu ina da tambaya. A nan Sheffield inda nake karatu akwai wani filin shaƙatawa da ake ce wa Endcliffe Park, to can bayan wani ɗan shagon shayi a jikin tudu cikin itatuwa akwai wani ƙaton dutse da aka manna wa allon ƙarfe mai ɗauke da sunayen mutum goma, duk sojojin saman Amurka ne, sunan farko shi ne Laftanar John Kriegshauser wanda shi ne matuƙin jirgin. Wurin kullum a share yake, ga furanni ga tutoci. Abin da aka gaya min kawai shi ne jirginsu ya faɗo a wurin a 1944 kuma ba wanda ya fita da rai.

Tambayata biyu ce. Na farko me ya kawo jirgin yaƙin Amurka tsakiyar garin da ba a yaƙi a cikinsa, waye ya harbe shi? Na biyu kuma wanda ya fi damuna, mutanen nan ba 'yan garin ba ne ba 'yan ƙasar ba ne, shekara sama da 80 kenan amma har yau duk watan Fabrairu sai an taru an yi musu addu'a, me suka yi haka da ya kai ga wannan? Wlh abin yana tsaya min a rai duk sanda na wuce.

malamin_tarihi:

Wa alaikumus salam ɗalibi, Allah ya ba da sa'ar karatu. Jirgin da kake magana sunansa Mi Amigo, ƙirar B-17 ne, irin manyan jiragen nan masu inji huɗu da Amurka ta yi amfani da su wajen jefa bama-bamai a Turai. Na runduna ta 305 ne, sansaninsu yana Chelveston a yankin Northamptonshire, kaga ba ma kusa da Sheffield ba. Ranar 22 ga Fabrairu 1944 aka tura su su kai hari kan wani filin jiragen yaƙin Jamus da ke Aalborg a ƙasar Denmak, don tun Afrilu 1940 Denmak tana hannun sojojin Hitila. Da suka isa sai suka tarar gajimare ya rufe wurin ba a ganin ƙasa, bam ɗin ma ba su samu sun sauke a kan filin ba, ana cikin haka ƙananan jiragen yaƙin Jamus suka taso musu da ɓarin wuta suka yi wa jirgin raga-raga. Haka suka juyo suka ƙetare Tekun Arewa da jirgi a lalace, sun rabu da sauran 'yan'uwansu, ga gajimare, har suka ɓace hanya, wajen ƙarfe biyar na yamma suka fito daga cikin gajimare ƙasa-ƙasa a kan Sheffield injuna suna ta tari.

Yanzu ka duba garin da kyau tunda kana ciki, duk tuddai ne da gidaje a jere a cunkushe, wurin da kawai yake a shimfiɗe wanda jirgi zai iya gwada sauka a wannan ɓangaren shi ne wannan ciyawar ta Endcliffe. Kuma a lokacin akwai yara suna wasa a kai. Waɗanda suka gani sun ce jirgin ya yi ta kewaya wurin, daga ƙarshe maimakon ya sauko kan ciyawar sai ya wuce ya daki itatuwan da ke jikin tudun ya kama da wuta. Su goma duka suka mutu, a ƙasa kuwa ko mutum ɗaya bai mutu ba, ko gida ɗaya bai rushe ba. Wannan ita ce amsar tambayarka ta biyu. Mutanen garin sun ɗauka a ransu cewa yaron nan, don yaro ne, shekararsa 23 ɗan garin St. Louis, ya zaɓi itatuwa a kan ya murƙushe 'ya'yan mutane. Ba wanda ya tsira daga cikin jirgin balle ya faɗi abin da ke zuciyar matuƙin a wannan daƙiƙa, sai dai ga inda ciyawa take ga inda jirgin ya faɗa, kuma sojan Amurka sun ba shi lambar yabo ta Distinguished Flying Cross bayan mutuwarsa.

Dutsen da ka gani a 1969 aka kafa shi, aka kuma dasa bishiyoyi goma irin na Amurka, kowane mutum ɗaya bishiya ɗaya. Daga nan ne aka ɗora taron shekara-shekara, a ajiye furanni a wurin sannan a yi addu'a a cocin St Augustine da ke kusa. Abin ya ƙara fitowa duniya ne a 2019 saboda wani dattijo mai suna Tony Foulds, yana ɗan shekara 8 lokacin da abin ya faru kuma ya ce yana cikin yaran da ke filin, shi ne yake zuwa yana share wurin yana kula da shi. Wani ma'aikacin BBC mai suna Dan Walker ya haɗu da shi a wurin ya watsa labarinsa, sai ga shi ranar 22 ga Fabrairu 2019 da aka cika shekara 75 jiragen yaƙin Amurka da na Ingila sun yi shawagi ta kan filin, dubban mutane sun taru tun da sassafe cikin sanyi, dattijon nan yana tsaye yana ta kuka.

injiniya_kaduna:

Malam ya gama magana gsky, ni dai bari in ƙara ta ɓangaren jirgin kansa don mutane su gane irin wahalar da yaran nan suke ciki tun kafin ma a harbe su. Mutane in sun ji jirgin sama sai su ɗauka irin wanda muke hawa ne zuwa Umra, a'a. B-17 ba a rufe yake da iska a ciki ba, suna tashi sama da ƙafa 20,000 wani lokaci 25,000, a can sanyi yana kai digiri 40 ƙasa da sifili ko ma ya fi, kowa da abin shaƙar oksijin a fuska, in bututunka ya toshe da ƙanƙara ko harsashi ya yanke shi cikin 'yan mintuna ka suma ba tare da ka sani ba. Riga suke sawa mai waya a ciki da ake jonawa da wutar jirgin don ta ɗumama su, in ta lalace shi kenan sai yatsu su daskare, mutane da yawa an yanke musu yatsu ba don harsashi ba sai don sanyi kawai, mutum ya cire safar hannu don ya gyara bindigar da ta cije sai fatarsa ta manne da ƙarfe.

Su goma ne a ciki kowa da aikinsa, matuƙi da mataimakinsa, mai duba taswira, mai sakin bam, mai rediyo, injiniya wanda kuma shi ke riƙe da bindigar sama, maharba biyu a gefe da gefe, ɗaya a wutsiya, sai kuma wanda ni na fi tausaya wa, na cikin ƙwallon gilashin da ke rataye a ƙarƙashin cikin jirgin. Wurin ƙarami ne sosai sai an zaɓi gajeren mutum, a naɗe yake zama gwiwa kusa da kunne na tsawon awanni, yawancinsu ma lemar sauka ba ta shiga tare da su sai dai su ajiye ta a sama cikin jirgin, in wuta ta kama sai ya juya ƙwallon ya buɗe ƙofa ya hau ya ɗauko ta ya ɗaura, in lokaci ya ba shi.

Dabarar Amurkawa ita ce jirage su tashi a cure wuri guda ta yadda bindigoginsu za su riƙa kare juna, kowane jirgi yana da manyan bindigogi har 13. To Jamusawa sai suka gano gaban jirgin ne ba shi da ƙarfi, sai su zo gaba da gaba da gudu su buɗe wa wurin zaman matuƙa wuta da igwa mai milimita 20, shi ya sa aka ƙara wata bindiga a ƙarƙashin hancin jirgin a sabon ƙirar. Kuma duk jirgin da inji ya mutu masa ya kasa bin sahu ya zama kamar akuyar da ta ware daga garke da daddare, kan sa za a taru. Ga shi babu irin na'urar nuna hanya ta wayoyinmu na yanzu, mai taswira da agogo da kamfas da fensir yake lissafi, in shi ya ji rauni ko kayan aikinsa sun fashe kuma ga gajimare to ɓata ba abin mamaki ba ne. Ni abin da ya ba ni mamaki ma shi ne yadda ya iya ƙetaro teku da jirgin a wannan hali.

uwar_biyu:

Ni fa ku yi haƙuri Malam, ina da ja a maganar nan. Ban ce yaron bai yi abin kirki ba, in har ya kauce wa yara to Allah ya ga zuciyarsa. Amma meye aikin jirgin nan tun asali? Ba zuba wa mutane wuta daga sama ba? Ni uwa ce, in na ji ana yabon mai jefa bam sai in tuna da matan da ke ƙasa riƙe da 'ya'yansu. A Hamburg a Yulin 1943 mutum wajen 40,000 suka mutu cikin 'yan kwanaki, Dresden a Fabrairun 1945 wajen 25,000, Tokyo a dare ɗaya a Maris 1945 kusan 100,000 kuma wannan jiragen Amurka ne zalla. Yawancinsu ba sojoji ba ne. Su waye ke share musu dutse kullum? Yaran Sheffield sun tsira alhamdulillah, amma yaran Jamus da Japan su ma 'ya'ya ne, uwa ce ta haife su. Mu da muka ga abin da bam yake yi wa kasuwa da tashar mota a ƙasar nan bai kamata mu yi saurin tafi ba.

malamin_tarihi:

Hajiya maganarki gaskiya ce kuma ban ga abin cirewa a cikin alƙaluman da kika kawo ba, su kansu Turawan har yau suna ta gardama a kan halaccin abin da aka yi wa waɗannan garuruwa. Abin da zan ce kawai shi ne a raba mai yanke hukunci da wanda aka tura. Waɗanda suka zauna a ofis suka zaɓi gari suka ce a ƙone shi manyan janar-janar ne da 'yan siyasa, kuma ba su ne aka kafa wa dutsen nan ba. Shi Kriegshauser ranar da ya mutu filin jiragen soja aka tura shi, a ƙasar da aka mamaye da ƙarfi. Sannan kar a manta su mutanen Sheffield sun san zafin bam a jikinsu, gari ne na masana'antar ƙarfe, daren 12 da na 15 ga Disamba 1940 jiragen Jamus sun yi musu ruwan wuta mutum sama da 600 suka mutu. Mutanen da suka binne nasu shekara uku da suka wuce, sai ga wani jirgi yana kewaya kansu zai faɗo, kuma ya faɗi ba tare da ya ɗauki ran ɗan kowa ba, ai dole abin ya zauna musu.

Kuma yaran nan su ma mutuwa suke kamar me. Runduna ta 8 ta sojan saman Amurka da ke Ingila ita kaɗai ta rasa mutum wajen 26,000, ya fi abin da sojojin kundumbalar ruwan Amurka gaba ɗaya suka rasa a duk yaƙin. Ranar 14 ga Oktoba 1943 an tura jirage 291 garin Schweinfurt na Jamus, 60 ba su dawo ba, ki lissafa mutum goma-goma, 600 kenan a wuni ɗaya tsakanin matattu da waɗanda aka kama. Ƙa'ida a lokacin ita ce ka yi hari 25 a sallame ka ka koma gida, daga baya ma aka ƙara zuwa 30 aka kai 35, kuma a 1943 da yawansu ba sa kaiwa. Sai da jiragen rakiya masu dogon zango irin su P-51 suka fara raka su har cikin Jamus sannan abin ya ɗan yi sauƙi.

Makon da Mi Amigo ya faɗi ma mako ne na musamman, daga 20 zuwa 25 ga Fabrairu 1944 aka yi ta kai hari kan masana'antun ƙera jiragen Jamus don a karya sojan samansu kafin a shiga Faransa, Amurka ta rasa manyan jirage sama da 200 a waɗannan kwanaki. Bari in ba ku labarin wani da ya faru kwana biyu kafin na Sheffield don ni shi ya fi taɓa ni. Ranar 20 ga wata wani B-17 mai suna Ten Horsepower na runduna ta 351 ya nufi Leipzig, jiragen Jamus suka buɗe masa wuta ta gaba, mataimakin matuƙi ya mutu nan take, matuƙin ya suma cikin jini. Sai Sajan Archibald Mathies, wanda shi ne na cikin ƙwallon nan da injiniya_kaduna ya kwatanta, haifaffen Sikotlan da ya yi aikin haƙar kwal a Pennsylvania kafin ya shiga soja, shi da mai taswira Laftanar Walter Truemper suka karɓi jirgin alhali ba ɗayansu da yake matuƙi, iska mai sanyin tsiya tana shigowa ta gilashin da ya fashe, haka suka lallaɓo shi har sansaninsu a Polebrook. Sauran suka dira da lema. Aka ba su biyun umarni ta rediyo su ma su dira su bar jirgin, suka ce matuƙinsu yana da sauran numfashi kuma ba a iya motsa shi, ba za su tafi su bar shi ba. Suka gwada sauka sau biyu bai yiwu ba, a na uku jirgin ya faɗi a wani fili, su ukun duk suka rasu. An ba Mathies da Truemper Medal of Honor, lambar da babu ta sama da ita a sojan Amurka. Hajiya ki duba, ƙofa a buɗe, lema a bayansu, an ma ba su izini, suka ƙi saboda mutum ɗaya da bai ma san suna yi ba. Ni irin wannan nake girmamawa, ba bam ɗin ba.

Ɗalibi in ka samu hutu ka je Cambridge, akwai maƙabartar sojojin Amurka a Madingley, kaburbura sama da 3,800 da kuma bango mai sunayen mutum sama da 5,000 da ba a ga gawarsu ba, da yawansu teku ta cinye su. Uku daga cikin mutanen Mi Amigo suna kwance a can, sauran an mayar da su Amurka bayan yaƙi.

uwar_biyu:

Toh Malam na ji, na Mathies ɗin nan ya sa ni hawaye wlh. Amma ina nan kan bakata cewa in za a ba yara wannan tarihi a ba su duka biyun, na sama da na ƙasa.

jikan_mazan_jiya:

Salam. Na karanta duk abin da kuka rubuta kuma ni wani wuri daban abin ya soke ni. A daidai wannan wata na Fabrairu 1944 da ake maganar, kakannin wasunmu suna cikin dajin ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, a kwarin Kaladan tare da runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma suna fama da Japanawa, abincinsu ma ta jirgin sama ake jefo musu don babu hanyar mota, daga baya runduna ta 82 ta bi su. Kakana yana cikinsu, ya dawo da rai amma ya sha faɗa mana abokansa da aka binne a can, yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya in ya idar da sallar asuba. Ya rasu, kuma yau duk gidanmu ba wanda zai iya kawo maka sunan ko mutum biyu daga cikinsu, har ni. Muna wuce barikin Kalapanzin a Kaduna da Chindit a Zariya kullum, mutum nawa ne suka san daga yaƙin Bama sunayen nan suka fito? Ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, a saki tattabaru a ajiye furanni a watse, ba a kiran sunan kowa. Su kuwa can mutum goma baƙi, an san sunan kowa da garinsu da aikin da yake yi a cikin jirgin. Ba hassada nake ba, sun cancanta, kawai dai zuciyata ce ta yi nauyi. Malam don Allah akwai inda mutum zai nemo sunayen namu da suka mutu a can?

malamin_tarihi:

Akwai ɗan'uwa, Allah ya jiƙan kaka. Hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen renon Ingila, wato Commonwealth War Graves Commission, tana da rumbun sunaye a intanet kuma kyauta ne. Ka shiga wajen bincike ka zaɓi yaƙin duniya na biyu, a wajen runduna ka sa Nigeria Regiment ko Royal West African Frontier Force. Waɗanda aka samu gawarsu da yawa suna maƙabartar Taukkyan kusa da birnin Yangon, waɗanda ba a samu ba kuma sunayensu suna jikin ginshiƙan tunawa da ke cikin maƙabartar, mai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na sojojin ƙasashe daban-daban. Abu ɗaya da za ka kula da shi, Turawan da suka ɗauke su aiki sau da yawa ba sunan uba suke rubutawa ba, sunan mutum suke haɗawa da na garinsu ko ƙabilarsa, kuma rubutun yakan karkace, don haka ka gwada sa sunan garinku a gurbin sunan mahaifi ka kuma canja harufan ta hanya biyu ko uku. In akwai takardar sallamar kaka ko lambobinsa a gida ka duba lambar soja da bataliyarsa, da su za ka gane waɗanda suka mutu a bataliya ɗaya da shi da kuma ranakun. Ka fara tambayar tsofaffin matan gidan, su ne suka fi ajiye irin waɗannan takardu a ƙasan akwati.